Sai Gwamna Ya Ji Daɗi

"Malam, don Allah tsaya. Dubi bakin mutumin nan da kyau. Dariya yake yi, ko kuwa hamma?"

Ma'aikacin reluwen da ya zo sayen ƙosai ya karɓi guntun jaridar da Iya Fatai ta miƙo masa, ya ɗaga shi saitin hasken safiya. Hoton Gwamna ne a bakin wata sabuwar masana'anta, kaki ya sha guga, baki a ɗan buɗe.

"Jawabi yake yi, Iya."

"Jawabin farin ciki?"

"Ina zan sani? Zuba min na sule, na makara."

Ta zuba masa, ta yi masa gyara, ta naɗe a wani shafi daban mai tallan sabulu. Shafin Gwamna kuwa sai da ta goge hannunta a zani kafin ta ninke shi, ta tura ƙarƙashin tabarmar da take zaune a kai. Duk wanda ya saba sayen ƙosai a bakin kwalbatin nan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari ya san halinta. Za ta naɗe maka ƙosai a fuskar ɗan ƙwallo, a fuskar attajiri, har a fuskar mamaci, amma ban da fuskar Gwamna. Masu tsokana sun laƙa mata suna Matar Gwamna, ba ta taɓa tanka musu ba. Ba su san ɗanta ɗaya tak da Allah ya bar mata yana gidan yari ba, kuma a saninta, ranar da bakin nan ya yi dariya ranar za a buɗe masa ƙofa.

* * *

Sunanta na yanka Wasilat. 'Yar Ogbomosho ce, amma tun tana amarya mijinta Musiliu direba ya kawo ta Fagge, har Hausa ta zauna daram a bakinta, sai ɗan karkacewar harshe da ta ƙi barinta. Haihuwa huɗu ta yi, uku suka koma, Fatai ya tsaya. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Ya Kubura, Babarbariya mai haɗa turaren wuta, kuma a jikin katangar akwai wata 'yar kafa da suke miƙa wa juna gishiri da garwashi, da gulma in ta samu. Fatai da Mala, ɗan Ya Kubura, a kwano ɗaya suka tashi. In an daki ɗaya, ɗayan ne ke fara kuka.

Bayan an gama yaƙin basasa da shekara guda, Fatai yana koyon gyaran keke a wurin wani Yekini, mai ba da hayar kekuna a bakin Sabon Gari. Wata rana da hantsi Mala ya dawo da keken da ya karɓa, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Yekini mutum ne mai zafin kai. Ya shaƙo Mala ta baya, ya daka wa yaron shagonsa tsawa: "Kai Fatai, tsayawa ka yi kana kallona? Koya masa hankali!" Abin da ke hannun Fatai a lokacin sifana ne. Sau ɗaya ya ɗaga hannu. Ko asibiti Mala bai kai ba.

Ba wanda zai wanke Fatai. Shi ya buga, kuma bai taɓa musu ba, a gaban 'yan sanda ko a gaban alƙali. Abin da ya rage a babbar kotu shi ne shekarunsa. Lauyan da gwamnati ta ba shi ya ja Wasilat gefe ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in yaron ya cika sha bakwai, igiya ce, in bai cika ba, doka ta hana a rataye shi. To, Fatai dogo ne, 'yan sanda kuma sun riga sun rubuta sha takwas. Likita ya duba haƙoransa, ya duba hammatarsa, ya ce shi ba zai iya rantsuwa ba. Takardar haihuwa kuwa wa ya san da ita a Fagge a wancan zamani?

Wasilat ta dafa Alƙur'ani ta ce ta haife shi ne makon da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, ranar da unguwa ta watse kowa ya tafi kallo, ba a bar mata ko ungozoma ba. Aka tambaye ta wa zai ba da shaida. Ta sunkuyar da kai, domin mutum ɗaya ce ta zauna da ita ran nan.

Aka kira Ya Kubura. Ta fito lulluɓe da mayafinta, ba ta dubi kowa ba.

"Gaskiya ta faɗa," in ji ta. "Ni na yanke masa cibiya. Mala yana bayana a goye."

Iyakar maganarta ke nan. Ta koma gida ta kwaɓa laka ta toshe kafar katangar.

Ranar yanke hukunci aka fara da Yekini, wanda ya riƙe Mala: shekara bakwai. Matarsa ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Da aka zo kan Fatai, alƙali ya yi ta zuba Turanci, ya cire tabarau ya mayar. Tafintan kotu, wani dattijo da ya gaji da aikin tun safe, ya juyo ya taƙaita mata.

"Mai shari'a ya ce ba za a rataye shi ba, don yaro ne. Za a tsare shi har sai Gwamna ya ji daɗi."

Wasilat ta faɗi nan tsakar kotu ta yi sujada. Kai, har tausayin matar Yekini ta ji! Shekara bakwai fa, baiwar Allah. Ita kuwa nata mai sauƙi ne. Mutumin da ke da mota da gida da masu gadi, ga abinci sai wanda ya zaɓa, me zai hana shi jin daɗi? Ƙila ma kafin Sallah.

* * *

Da farko an ce gidan horon yara za a kai shi, daga baya aka ce babu wuri, aka bar shi cikin manya. Nan aka ɗora shi a kan keken ɗinki. Duk ranar ziyara Wasilat na cikin sahun farko a bakin ƙofa, ta tsaya ta wannan gefen ragar waya, shi ta wancan. In sun gama gaisawa, ya tambayi lafiyar babansa da ciwon gwiwarta, sai ya rage murya kamar mai neman sirri.

"Maami, yaya mutumin namu?"

"Ya kusa. Jiya na ga haƙoransa na sama."

"Na ƙasa fa?"

"Kai dai ka yi ta addu'a. Masu kaki ba sa son dariya a hoto, amma a ciki yana yi."

Ba ta iya karatu ba, sai dai ta zama gwanar karanta baki. Takan sayi tsofaffin jaridu a ɗaure daga masinjojin ofisoshi, ta zauna ta tsince su ɗaya-ɗaya kafin mai ya yi zafi. Ta san bakin da ya yi barci ya ƙoshi, ta san wanda aka ɓata wa rai kafin ya fito. Ran da ta ji jiniyar motocin Gwamna ta nufo unguwar, ta bar kasko a wuta ta ruga bakin titi, amma motocin suka wuce fuu, abin da ta samu ƙura ce da ƙonannen ƙosai.

Ga shi kuwa zamanin kowa jin daɗi yake. Motoci suka koma hannun dama, fam ya koma naira, kuɗin mai suka shigo gari. Da aka raba wa ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, masinjan da ke sayar mata da jarida ya zo a kan sabon babur yana danna ƙaho ba dalili. Rediyo da firiji suka ƙare a kantunan Sabon Gari. A Kantin Kwari sai ka yi rantsuwa kyauta ake raba atamfa. Wasilat ta ce a ranta, in masinja ya kai haka, ina ga mai gari gaba ɗaya? Ta je ta yanko yadi mai ruwan sararin samaniya na kayan fitowa, ta ajiye a ƙasan akwati. Ba ta kai wa tela ba, don ta lura duk zuwa sai ta ƙara ɗaga kai kafin ta ga idon Fatai, tsawo yake ta ƙarawa.

Kowace Juma'a takan kai kwanon ƙosai sadaka bakin masallaci, ta ce a yi mata addu'a Allah ya faranta ran Gwamna. Malamin da ke karɓa ya ɗauka kwangila take nema, har yakan ƙara mata da "Allah ya sa a sa hannu."

Sai aka wayi gari an yi juyin mulki, aka kawo wani Gwamnan. Hankalinta ya tashi, ta kasa cin abinci, domin ba ta sani ba ko alkawarin ya bi tsohon ya tafi. Fatai ne ya kwantar mata da hankali ta cikin raga, ya ce kujerar ce ke jin daɗin, ko wa ke kanta. Ta koma ta fara koyon sabon baki daga farko.

A cikin wannan shekarar Musiliu ya tafi Ikko jigilar siminti. Ya ce ya gaji da unguwar da in ya wuce ake nuna shi da baki. Ya aiko saƙo sau ɗaya, ya sake aikowa, daga nan shiru. Matan layinsu dama tun ranar jana'izar Mala suka daina aiko yara sayen ƙosanta, shi ya sa ta kwashe kaskonta ta koma bakin kwalbati, inda baƙi ke wucewa ba su san ta ba. Biki ba a gaya mata, suna ba a aiko mata goro. In ta dawo da la'asar takan zauna a tsakar gida ita kaɗai ta ci abin da ya yi kwantai, ƙamshin turaren Ya Kubura yana tsallako katanga, tana jin tarinta da ƙarar butarta. Kaɗaici ya ci ta ƙwarai, har takan tsinci kanta tana yi wa hotunan magana da Yarbanci.

* * *

Wata safiya wata Besfa, babur ɗin da ake yayi, ta tsaya a gabanta. Mai ita ya yi ƙiba, ga agogo, ga takalmi mai tsini. Sai da ya durƙusa ya ce "Iya, ina kwana," sannan ta gane Yekini ne. Wani ɗan'uwansa ya buɗe shagon kayan babur ya sa shi a ciki.

"Ba bakwai aka ce ba?" ta tambaya. "Ko biyar ba a yi ba."

"Shekarar gidan yari ba ta kai ta waje ba, Iya. In ka yi ladabi ana yafe maka wani abu a ciki." Ya sosa ƙeya. "Ni an ba ni adadi. Duk ranar da ta faɗi, an rage min ita. Shi Fatai ba a ba shi adadi ba, to a cikin me za a rage masa?"

"Nasa ai ya fi naka sauƙi. Gwamna kawai ake jira."

Yekini ya miƙe tsaye. Ya ajiye mata wani abu a gefen tire ya tayar da babur. Ba ta taɓa abin da ya ajiye ba, ta bar wa mabaraci.

Da yammacin ran nan tana wanke wake, sai ta ji murya daga bayan katanga, muryar da ta yi shekaru ba ta ji an nufo ta da ita ba.

"Wasila."

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. "Na'am, Ya Kubura."

"Na ga Yekini a kan babur."

"Ni ma na gan shi."

Har ta zaci an tashi, sai muryar ta dawo.

"Naki ya yi gemu?"

"Ya fara."

"Da yanzu Mala ma ya fara."

Wasilat ta jira ko za a ƙara wani abu. Ta ji an ja takalmi an shige ɗaki. Ta zauna da hannu cikin ruwan wake ta yi kuka mai isarta, ba ta san ko na wane yaron take yi ba.

* * *

Haka aka yi ta tafiya har soja suka ce za su koma bariki, aka yi zaɓe, aka rantsar da Gwamna farar hula. Kwana kaɗan bayan haka ta kwance ɗaurin jarida, sai ga shi a shafin farko cikin babbar riga, kai a ɗage, baki a wangale, haƙoran sama da na ƙasa duk a waje. Wannan kam ba ta buƙaci ta tambayi kowa ba. Ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a bakin kwalbati, masu wucewa suna waiwaye.

Mutum na farko da ya tsaya a gabanta shi ne Oga Ambrose, wani dattijon gandiroba da ke zaune a Sabon Gari. Ya daɗe yana sayen ƙosanta a hanyarsa ta zuwa aiki, kuma shi ne kan ƙara mata ɗan lokaci a bakin raga in manya ba sa kusa. Ta cika masa takarda fal, ta ture hannunsa da ya miƙo kuɗi.

"Yau kyauta ne, Oga. Duba nan! Yaushe za ku buɗe min shi? In kai ɗinki yau ko in bari ya fito ya ɗinka da kansa?"

Ambrose ya dubi hoton, ya dubi ƙosan. Ya cire hularsa ya zauna a bakin kwalbatin, abin da bai taɓa yi ba.

"Mama Fatai, ba zan iya cin wannan ba. Ƙarshen wata zan yi ritaya in koma garinmu, kuma in na tafi ban gaya miki ba, Allah zai tambaye ni." Ya juya hular a hannunsa. "Kalmar nan da alƙali ya faɗa da Turanci, fuska biyu gare ta. Tana nufin jin daɗi, gaskiya ne. Amma a bakin kotu ba haka take ba. Nufinta, sai ran da Gwamna ya ga dama. Ba ruwanta da dariya."

"To ai in ya ji daɗi zai ga dama."

"Sai ya san da mutum zai ga dama, Mama. Sai wani ya ɗauki sunan ya kai gabansa. Ni tun da nake, ban ga wanda ya zo ya tambayi yaron nan ba, ban da ke. Akwai irinsa a ciki da suka shigo ba gashin baki, yanzu suna da furfura. Ba wanda ya ƙi su. Mantawa aka yi."

Mai yana ta tafasa a kasko ba komai a cikinsa. Wasilat ta sauke jaridar a kan cinyarta. Shekara takwas tana gadin bakin mutanen da ko sunan ɗanta ba su taɓa ji ba.

"Kada ka gaya masa," ta ce da ƙyar. "Don girman Allah, Oga. Abin da yake riƙe da shi ke nan."

Ambrose ya sunkuyar da kai.

"Ya sani, Mama. Tun shekararsa ta farko ya tambaye ni, na gaya masa. Shi ya roƙe ni kada in gaya miki. Ya ce shi ne abin da ke tashin ki da safe."

* * *

Ranar ziyara ta zo. Ta yi wanka, ta ɗaura zaninta mai kyau, ta soke jaridar a ƙugu. A hanya ta shirya maganganu iri-iri: za ta yi masa faɗa, za ta ce ya mayar da ita mahaukaciya a gari, za ta tambaye shi ofishin da ake zuwa da wanda ake gani. Da aka fito da shi duk maganganun suka gudu. Gemu ya cika masa fuska, yana ƙanƙance ido irin na wanda allura ta cinye wa gani, kafaɗunsa sun ɗan ranƙwafa. Ya tambayi gwiwarta. Ya tambaya ko an ji labarin babansa. Sannan ya matso kusa da raga, ya rage murya, ya shirya fuskarsa tsaf, yanzu ta ga yadda yake shirya ta.

"Maami, yaya mutumin namu?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zaro jaridar ta warware, ta manna ta a jikin raga da tafin hannu biyu, yadda takardar za ta rufe mata fuska.

"Duba da kanka," ta ce daga bayanta. "Har dasashi."

"Kai! Wannan ai ya ji daɗi sosai." Ya yi dariya, dariya mai kyau, ba inda ta karye. "To an kusa ke nan, Maami."

"An kusa, ɗana."

Ba ta sauke takardar ba sai da gandiroba ya buga ƙarfe.

Washegari ta fito bakin kwalbati kamar kullum, ta hura wuta, ta buga ƙullu. Wani lebura da ba ta taɓa gani ba ya tsaya ya ce a ba shi na sule, a zuba yaji da yawa. Ta ɗaga gefen tabarma ta jawo shafin da ke sama, ta tsame ƙosai masu zafi ta juye a kai, ta naɗe ta miƙa masa. Ya tafi yana ci yana hura baki. Kafin ya tsallaka titi mai ya ratso takardar, ya fito ta kan haƙoran.